Yadda Ake Shirya Wasan Labarin Dodanni a Zaure: Jagora ga Sabon Madugu

Duk wanda ya taso a gidan da ake yin tatsuniya bayan sallar isha'i ya riga ya san rabin wannan wasa. Kaka za ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," yara su amsa, "Ta zo mu ji ta," daga nan kuma bakin kowa ya mutu sai nata. Wasan da ni da abokaina a nan Kaduna muke kira wasan labari ya rabu da tatsuniya ne a wuri guda, wato masu sauraro su ne jaruman labarin. Mai jan labari zai kwatanta wuri da halin da ake ciki, sannan ya tambaya, "To, me za ku yi?" Kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai aikata, idan kuma abin mai haɗari ne sai a jefa 'ya'yan ludo a ga yadda za ta kaya. Ba a cin kowa, ba a kuma sa kuɗi. Mai jan labarin muna kiransa madugu, namiji ne ko mace, domin aikinsa irin na madugun fatake ne: ya san hanya da inda rijiyoyi suke, amma ba shi ne ke ɗaukar kayan kowa ba.

Asalin abin daga Amurka yake. A shekarar 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons, inda jarumai ke shiga kogo da takobi, su kashe dodanni, su ƙara ƙarfi. A 1981 kamfanin Chaosium ya fitar da Call of Cthulhu, wanda Sandy Petersen ya tsara bisa labaran marubucin ban tsoro H. P. Lovecraft, ya kuma juya lamarin: jaruman mutane ne gama-gari, dodon ya fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba, kuma abin da suke asara a hankali shi ne natsuwarsu. Wannan hanya ta biyu ita zan bi a nan, da kayan da ake samu a kowane gida.

Mataki na farko: mutane, wuri da lokaci

'Yan wasa huɗu da madugu na biyar shi ne adadin da ya fi daɗi, ko da yake uku ma sun isa. Da zarar an haura shida sai wasan ya koma hira, domin wanda ya daɗe layi bai zo kansa ba hannunsa zai tafi kan waya, tsoro kuwa ba ya zama a ɗakin da ake duba WhatsApp. Zaɓi mutanen da suka saba da juna, 'yan gida ɗaya ko abokai, kuma a bi tsarin da gidan ya saba da shi game da zaman maza da mata. Tebur ba dole ba ne. Tabarma ko darduma a zaure ta wadatar, sai dai a ajiye faranti mai baki a tsakiya don kada 'ya'yan ludo su gangara ƙarƙashin kujera a daidai lokacin da hankalin kowa ya tashi.

Zama ɗaya yana cin awa biyu da rabi zuwa uku. Bayan isha'i ya fi dacewa, kamar yadda al'ada ta ajiye tatsuniya sai dare, amma ka tuna da wanda zai nemi keke napep daga Barnawa zuwa Kawo ko Rigasa, ka tashi mutane da wuri. Idan hakan ba zai yiwu ba, a yi ranar Asabar tsakanin la'asar da magariba, a sauke labule, a taƙaita labarin yadda kiran salla ba zai riske ku a tsakiya ba.

Mataki na biyu: yarjejeniya kafin a fara

Wannan mataki ne da sababbi ke tsallakewa, kuma shi ne ke hana ɓacin rai. Kafin ranar wasa ka tambayi kowa, a keɓe idan da hali, abin da ba ya son ya ji a cikin labarin. A garinmu akwai abubuwan da ni ba na ma jiran a faɗa mini: garkuwa da mutane a hanya, da rikicin addini ko na ƙabilanci. Kaduna ta ga waɗannan da idonta, kuma ba ka san wanda ya rasa ɗan'uwa a cikin waɗanda ke zaune a tabarmarka ba. Aljanu ma ba na sa su a wasa, domin samuwarsu batun imani ne, da sura sukutum a Alƙur'ani mai ɗauke da sunansu. Haka nan ba na mai da tsohuwa mayya, saboda zargin maita ya sha jawo wa bayin Allah duka da kora, har da kisa. Kada kuma a ambaci sunan mutum na gaske ko a nuna gidan da kowa ya sani.

Akwai wata dabara da wani mai tsara wasanni, John Stavropoulos, ya yaɗa a tsakanin masu wannan wasa: a zana babban X a jikin kati a ajiye a tsakiya, duk wanda wani abu ya dame shi sai ya taɓa katin, madugu ya tsallake wurin ba tare da tambayar dalili ba. Ta dace da mu ƙwarai, mu da kunya ke hana ƙarami ya ce wa babba ya isa haka.

Sai maganar ɗan ludo. Akwai gidajen da ba a son ganinsa saboda alaƙarsa da caca, kuma malamai sun yi magana a kan wasa da shi, wanda fatawarsa ba aikina ba ce. Idan gidan irin wannan ne, a samo huluna biyu, a zuba wa kowace ƙananan takardu shida masu lamba 1 zuwa 6, a riƙa zarar ɗaya daga kowace hula ana mayarwa. Lissafin daidai yake da na 'ya'yan ludo biyu.

Mataki na uku: dokokin wasa

Ba ka buƙatar littafi mai shafi ɗari huɗu a daren farko. Ga tsari mai sauƙi da na aro daga salon wasan Apocalypse World na 2010, wanda wasan farautar dodanni na Monster of the Week ma ya ginu a kansa. Kowane jarumi yana da halaye huɗu: Ƙarfi, Wayo, Baki da Zuciya. Ƙarfi na gudu da dambe da ɓalle ƙofa ne, Wayo na bincike da lura, Baki na lallashi da tatsar bayani, Zuciya kuma ta tsayuwa a gaban abin tsoro. Ɗan wasa zai raba lambobi huɗu a tsakaninsu yadda ya ga dama: ƙarin 2, ƙarin 1, sifili, da ragin 1.

Idan jarumi zai yi abu mai haɗari, sai ya jefa 'ya'yan ludo biyu, ya haɗa abin da suka nuna, ya sa lambar halin da ya dace. In ya sami 10 ko fiye, ya yi nasara sumul. In ya sami 7 zuwa 9, ya yi nasara amma da tsada: ya tsallake katangar, sai dai tocilarsa ta faɗi a ciki, ko mai gadi ya faɗa masa gaskiya amma ya nemi a yi masa alkawari. In ya sami 6 ko ƙasa, abin ya ɓaci, kuma madugu ne zai faɗi yadda ya ɓaci.

Yana da kyau madugu ya san lissafin da ke ƙarƙashin wannan. 'Ya'yan ludo biyu suna iya faɗuwa ta hanya 36. Ga mai sifili, hanyoyi 15 faɗuwa ce, 15 nasara mai tsada, 6 kacal nasara sumul. Mai ƙarin 1 yana da 10 da 16 da 10, mai ƙarin 2 yana da 6 da 15 da 15, mai ragin 1 kuwa zai faɗi a hanyoyi 21 cikin 36. Ma'ana, nasara mai tsada za ta riƙa fitowa a kai a kai a cikin daren, don haka ka tanadi jerin asarori tun kafin a zauna: batirin waya ya mutu, an yi ƙarar da ta ja hankali, an rabu da abokin tafiya, takalmi ya tsinke. Kada kuma ka sa a yi jifa a kan abin da faɗuwarsa ba za ta ƙara wa labari komai ba. Wanda zai buɗe ƙofar da ba a kulle ba, ya buɗe kawai.

Natsuwa ita ce zuciyar wasan tsoro. Ba kowane ɗan wasa ƙwayar wake 6, ka ajiye kwanon silba a gabanka. Duk lokacin da jarumi ya ga abin da hankali ba zai ɗauka ba, ya yi jifa da Zuciya: in ya faɗi ya jefa wake biyu a kwano, in ya sami 7 zuwa 9 ya jefa ɗaya. Idan wakensa ya koma uku, shi da kansa zai zaɓi alamar da ta kama jaruminsa, ko rawar hannu ko in'ina ko yawan waiwaye. Idan ya ƙare, jarumin ya ruga ko ya sandare, madugu ya karɓe shi har ƙarshen wannan fage. Na gwada tsakuwa da ashana, amma babu abin da ya kai ƙarar ƙwayar wake a cikin kwanon silba a ɗakin da ya yi tsit. Game da rauni a jiki, uku ya isa: na farko ciwo, na biyu ya rage 1 daga kowane jifa, na uku jarumi ya faɗi.

Wanda ya ji daɗin wannan yana son ƙari, Chaosium na ba da taƙaitattun dokokin Call of Cthulhu kyauta a intanet, inda ake auna gwaninta da lamba daga 1 zuwa 100. Akwai kuma wasan Dread, wanda ba ya amfani da ɗan ludo sam, sai hasumiyar katako ta Jenga mai guntaye 54: duk aiki mai haɗari sai ka zare guntu ɗaya, ranar da ta rushe a hannunka jaruminka ya fita daga labari.

Mataki na huɗu: karatu da gina dodo

A nan aikin yake, kuma a nan ne mai karatu ya fi wanda ya dogara da finafinai. Fim yana nuna maka siffar dodo, siffa kuwa ita ce abu mafi ƙarancin amfani ga madugu. Littafi yana nuna maka yadda dodon ke aiki. Fara da na gida: tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara a kundi uku tsakanin 1911 da 1913, da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, da duk abin da tsofaffin gidanku ke iya tunawa. Daga nan ka leƙa Frankenstein na Mary Shelley na 1818 da Dracula na Bram Stoker na 1897, waɗanda dukkansu ake samu kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg. Labaran Lovecraft suna koyar da yadda ake gina fargaba daga tsofaffin takardu da rahotanni, amma ka shiga da saninka cewa mutumin yana da mummunar ƙyamar baƙar fata, kuma hakan ya fito fili a rubutunsa. Ni dabararsa nake ɗauka, in bar masa ra'ayinsa.

Ka yi karatun da fensir a hannu, kana yi wa kowane dodo tambayoyi huɗu. Me yake so? Wace ƙa'ida ta ɗaure shi? Wace alama yake bari? Wane ne ya san da shi ya yi shiru? Dracula jini yake so, ba ya shiga gida a karon farko sai an gayyace shi, madubi ba ya nuna shi, kuma yana barin ƙananan huda biyu a wuya. Halittar Frankenstein abokiyar zama ta nema, wanda ya yi ta ya hana, kuma shi ne ya san da ita ya ɓoye har aka fara mutuwa. Dodon tatsuniyarmu sau da yawa bashi yake bi: wata ta shiga matsala a bakin rafi, ta yi masa alkawarin abin da bai kamata ba, shekaru suka wuce, sai ga shi a ƙofar gida. A ganina wannan ya fi kowanne ƙarfi, domin dodon da ke da gaskiya a wani ɓangare ya fi wanda yunwa kawai ke damunsa tayar da hankali.

Bari in nuna yadda na gina nawa. Unguwar Kakuri a nan Kaduna ta kasance cibiyar masaƙu tun da aka buɗe Kaduna Textiles a 1957, wasu suka biyo baya, dubban mutane suna shiga aiki safe da rana da dare, har masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya a farkon shekarun 2000. Duk wanda ya bi ta wajen ya san dogayen katangu da rufin kwano mai tsatsa. Ban ɗauki ko ɗaya daga masaƙun gaske ba, na ƙirƙiri tawa marar suna, na ajiye ta can kusa da layin dogo. Labarin shi ne, tsofaffin ma'aikatanta sun fara ɓacewa da dare, ɗaya bayan ɗaya, a tsakiyar hunturu.

Abin da dodon ke so shi ne a kammala aikin dare na ƙarshe. A ranar da aka rufe masaƙar, mutum goma sha biyu sun sa hannu a rajistar shiga, amma ba wanda ya busa musu tashi, don haka a wurinsa har yanzu suna bakin aiki, kuma yana tattaro su. Ƙa'idarsa ita ce ba ya iya ɗaukar kowa sai wanda ya amsa kiran sunansa bayan an ji jiniya. Na zaɓi wannan ne da gangan, domin dukkanmu an yi mana gargaɗi tun muna yara cewa kada mu amsa kira da dare in ba mu ga mai kiran ba, kuma tsoron da aka shuka tun ƙuruciya ba ya buƙatar dogon bayani. Alamarsa farin zare ne da ake tarar da shi ɗaure a hannun ƙofa, da ɓurɓushin auduga a kan matashin wanda ya ɓace, da ƙarar injin saƙa a ginin da aka yanke wa wuta shekara da shekaru. Wanda ya sani ya yi shiru shi ne tsohon mai gadi, domin shi ya datse ƙofar a wancan dare bisa umarnin da aka ba shi, kuma usur ɗin shugaban ma'aikata yana cikin akwatinsa.

Da ka kafa ƙa'ida, kada ka karya ta ko sau ɗaya, ko da 'yan wasa sun gano ta da wuri sun ɓata maka shiri. Idan suka toshe bakin mutum don kada ya amsa, to ya tsira a wannan dare, sai dodon ya nemi wata hanya a cikin iyakar ƙa'idarsa, misali ya yi kiran da muryar mahaifiyar mutumin. 'Yan wasa suna yarda su ji tsoro ne muddin sun tabbata madugu ba ya yi musu maguɗi.

Sannan ka bayyana shi a hawa uku: sawunsa, aikinsa, jikinsa. Hausawa sun ce, ido wa ka raina, wanda kake gani yau da gobe. A daren da na fara zama madugu na yi wannan kuskure, na fito da dodona tun rabin awar farko, da ƙaho da jajayen idanu da komai. Ƙanena ya ce ai wannan ragon layya ne, aka fashe da dariya, kuma har aka tashi da sunan ake kiransa. Yanzu ba na nuna jiki sai a rubu'in ƙarshe na zama, shi ma gefe guda: wani abu dogo a tsakanin injuna, kamar an naɗe mutum da zare tun daga ƙafa har ka, yana juyowa a hankali.

Mataki na biyar: jarumai

Mutanen gari ake so, ba sojoji ba: tela, ɗan jarida, malamar asibiti, direban keke napep, ɗaliba. Rabin takarda ya ishi kowane jarumi. A rubuta suna da sana'a da halaye huɗu da abu uku da ke jikinsa, sannan ɗan wasa ya amsa tambayoyi uku da babbar murya. Wa kake tsoron rasawa? Me kake ɓoyewa? Me ya hana ka tattara kayanka ka koma gida? Ta ukun ce ta fi muhimmanci, domin mai hankali ba ya shiga kangon masaƙa da tsakar dare haka kawai. A wasanmu, sunan mahaifin telar yana cikin goma sha biyun nan, direban kuwa shi ya kai mutumin farko bakin ƙofar masaƙar, ya karɓi kuɗinsa, bai faɗa wa kowa ba.

Mataki na shida: taswira, alamu da agogo

Kada ka rubuta labari daga farko zuwa ƙarshe, domin 'yan wasa ba za su bi shi ba. Rubuta wurare biyar, kowanne da mutum ɗaya da abu ɗaya da za a gano: gidan wanda ya ɓace, teburin mai shayi inda tsofaffin ma'aikata ke zama, ɗakin mai gadi, ofishin da rajista take, da babban zauren injuna. Duk gaskiyar da labari ba zai tafi ba sai da ita, ka ajiye ta a wuri uku daban. Ƙa'idar amsa kira, alal misali, matar wanda ya ɓace za ta ce ta ji ya ce na'am cikin barci, mai shayi zai ambaci wani kurma daga cikin ma'aikatan da ba abin da ya same shi, mai gadi kuma yana toshe kunnensa da auduga kullum dare. Ko sun tsallake biyu, za su ci karo da ta uku. Irin wannan alama ba a ɗora ta a kan jifa. Wanda ya duba ya gani, jifa kuwa ta nuna abin da ganin ya jawo masa.

Agogo shi ne jerin abin da zai faru idan jarumai suka naɗe hannu. Daren farko mutum na tara ya ɓace, dare na biyu zare ya bayyana a ƙofar gidan telar, dare na uku adadi ya cika, jiniya ta fara kiran sunayen 'ya'yan ma'aikata. Duk lokacin da wasa ya yi sanyi, sai ka matsa agogon gaba.

Abin riƙewa a hannu yana da tasirin da baki ba shi da shi. Na tsaga takarda daga tsohon littafin lissafi, na rubuta sunaye goma sha biyu da biro, na jiƙa ta da ruwan shayi na shanya, na soke takwas da jan layi. Mai son ya ga kamannin tsofaffin takardu da yadda ake rubuta rahoto, ya kai ziyara cibiyar tarihi ta Arewa House da ke titin Rabah ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke nan Kaduna, ya ga tsofaffin jaridu da fayil-fayil da idonsa.

Mataki na bakwai: daren wasa

A tara wayoyi a kwando. A kashe ƙwan lantarki, a kunna fitila mai caji guda ɗaya a juya ta ga bango. In an ɗauke wuta, to faɗuwa ta zo daidai da zama, kada a tayar da janareto, domin ƙararsa tana cinye muryar madugu. Buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku," ka jira su amsa, sannan ka fara da abin da aka saba: hazo ya rufe fitilun titi, mai shayi yana fasa ƙwai, ana gardamar ƙwallo. Minti ashirin na farko babu abin tsoro sai abu ɗaya da bai zauna daidai ba.

A kowane wuri ka ba da abu biyu ko uku, kada su zama na ido kaɗai: warin tsohon baƙin mai, ƙurar da ke shiga maƙogwaro, sanyin ƙarfe a tafin hannu. Idan abu ya yi tsanani ka rage murya maimakon ɗagawa, ka gajarta jimloli, ka tambayi mutum ɗaya kai tsaye me zai yi, kada ka ba shi lokacin shawara. Ka lura da wanda ya yi shiru ka juyo da labarin kansa. In an yi dariya, bar su su yi, ai tsoro ne ke neman hanyar fita, in ta lafa sai ka ci gaba daga inda ka tsaya da murya ɗaya.

A zamanmu na masaƙa, sun shiga ofis sun sami rajista, ƙanwata mai riƙe da telar tana karanta sunayen a hasken fitila. Ta ɗago ta ce, "Yaya, wannan na goman ai sunan babanta ne." Na ce mata haka ne, kuma daga can cikin zauren injuna an fara jin jiniya, ƙasa-ƙasa. Suka shiga gardamar ko su ƙona rajistar ko su gudu da ita. Ina cikin tattara takarduna, ban dubi kowa ba, na kira sunan jarumin ƙanena a hankali, kamar yadda ake kiran mutum a miƙa masa ruwa. Ya ce, "Na'am?" Sai ya dafe bakinsa. Abokinmu mai riƙe da ɗan jarida ya ce, "Malam, ka kashe mu." Ban ce komai ba, na tura masa kwanon silba, ya jefa wake biyu da kansa ba tare da an yi jifa ba.

Mataki na takwas: rufewa

Ka tanadi hanyoyin ƙarewa biyu ko uku a ranka, amma ka karɓi ta huɗu idan 'yan wasa suka kawo mai ma'ana. Ni na shirya cewa za a karɓo usur a busa tashi, a kira sunayen ɗaya bayan ɗaya a sallame su. Su kuwa suka lallashi mai gadin ya shiga da ƙafarsa ya buɗe ƙofar da ya datse, wanda ya fi nawa kyau, don haka na bi su, na sa telar ta yi jifa da Baki, ta sami 8, mai gadin ya shiga bai fito ba.

Rufe da "Ƙurungus," a kunna wuta, a kawo shayi, a ba mutane minti goma su dawo cikin hayyacinsu kafin su kama hanya. Tambayi kowa wurin da ya fi kama shi da wurin da ya gundure shi, ka saurara ba tare da kare kanka ba. A daren nan, kafin ka kwanta, buɗe littafin da ka ware domin wasan ka rubuta kwanan wata, da waken da ya rage wa kowa, da sunayen da ka ƙirƙira a tsaye don kada su shige maka, da duk abin da aka bari a buɗe. A shafina na wancan dare layi na ƙarshe yana cewa telar ta kwance zaren daga ƙofar gidansu ta sa a aljihu, kuma ba wanda ya tuna ya ce ta jefar. Daga wannan zare aka fara zama na biyu, mako biyu bayan haka, a wani shagon ɗinki da ke Kasuwar Barci.